Rabon Mutumin Panda

Shekarar da aka kulle gari saboda korona, har Juma'a ta gagara a wasu masallatai, a shekarar ce wani abokin yayana ya kawo masa ganyen taba daga garin Panda. Manomi ne, Kirista, sun saba tun suna samari a kasuwar Keffi. Ganyen nomansa ne, ya shanya a inuwa har ya yi ja. Yaya kuwa shi ya iya naɗi. Yakan zare jijiyar ganye, ya yayyafa ruwa, ya murza a cinya har ya zama kamar ɗan yatsa. Suka yi magana a zaurenmu na Angwan Iya ina zaune: Yaya zai naɗa, ya ajiye har tabar ta kwanta, sannan a raba biyu.

Ni ban taɓa sa taba a bakina ba, kuma na sha yi wa Yaya nasiha a kanta. Amma gida ɗaya muke, dole na san halinta. Sabon naɗi yana da kaifi, warinsa kamar na turken awaki. Yaya ya jera a tukunyar ƙasa, ya rufe da busasshen ganyen ayaba, ya ajiye a gindin randa inda laima take. Duk Juma'a in an sauko sai ya buɗe ta sha iska, ya mai da na ƙasa sama. Da damina ta zagayo warin ya tafi, wani ƙamshi ya zo mai kama da na tsohon dabino.

Sai mutumin Panda ya zo neman rabonsa.

"Alhaji, ina kayana?"

"Ba ta nuna ba."

"Sai ka ce mangwaro! Ni ma fa na kusa nuna."

"Kai ba ka san jira ba. Ka dawo baɗi."

"Manomi ne bai san jira ba? Malam, kana jin yayanka?"

Na ce ba ruwana da shari'ar taba. Suka yi dariya, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Baɗi ma haka aka yi, haka wadda ta biyo ta. Allah Ya sani ba rowa ba ce, domin Yaya ma bai kunna ko ɗaya ba. Ya dai ɗauka abin da jira ya gyara, ƙarin jira zai ƙara gyara shi. Ana cikin haka ɗansa da ke aiki a Abuja ya sa aka rushe tsohon ɗakin ƙasa, aka gina na bulo da kwano, firji ya maye gurbin randa. Tukunyar ta koma saman kwaba kusa da rufi, inda zafin bazara ke sauka. Yaya ya daina buɗewa, wai kada ƙamshi ya tsere.

Mutumin Panda ya daina tambaya, daga baya ya daina zuwa. Bara muka ji yana kwance da tari, likita ya hana shi ko shaƙar hayaƙi. Yaya ya sauko da tukunyar, ya ce in raka shi.

Mun same shi a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ya rame ƙwarai. Yaya ya buɗe tukunyar a gabansa. Babu ƙamshi, babu ko warin. Ya ɗauko ɗaya, ta marmashe a hannunsa. Sauran ƙwaro ya huhhuda su, gari ya taru a ƙasan tukunyar.

"Yanzu ta nuna, Alhaji?"

Yaya ya karkaɗe hannunsa, mutumin ya ƙara da cewa:

"Raba. Ai biyu muka ce."

"Me za ka yi da wannan?"

"Ina ruwanka? Nawa ne."

Matarsa ta kawo faranti. Yaya ya durƙusa yana rabawa, masu sauran jiki ɗaya nan ɗaya can, garin ma ya kasa shi biyu da gefen hannu. Mutumin ya ja farantin, ya kai hanci, ya daɗe a haka, sannan ya ture shi gefe.

"Shi ke nan, ba na binka komai. Malam, ka shaida."

Na ce na shaida. Bai ce mu zauna ba, bai sa a kawo mana ruwa ba. Muka yi masa sannu da jiki, muka ce Allah Ya sawwaƙe, muka fito da rabin tukunyarmu.