Kai Amarya Birmingham a Cikin Kular Tuwo

Gorton

Gari bai waye ba muka kulle ƙofar gidanmu a unguwar Gorton, ni da mijina Baban Ladi, da amarya a cikin kular da nake zuba tuwo. Amaryar nan kifi ce, ko tsawon ɗan yatsana ba ta kai ba. Killifish ake ce wa irinsu. Wai asalinsu wani tsibiri ne inda ruwan daɗi ke gauraya da na teku, shi ya sa gishirin miyata kullum cikin tankinta yake ƙarewa.

Ita kaɗai Baban Ladi ya fito da ita ranar da council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe youth centre, cibiyar matasan da yake aiki. Tun daga nan mutumin nan ya daina fita, ya daina aski, ko coci sai dai in tafi ni kaɗai. Sai ya wuni gaban tanki yana jiran ta yi ƙwai. Ina zolayarsa, amma gaskiya tsoro nake ji kada ya lalace mini a kujerar nan. Da 'yarmu Ladi ta gano wani tsohon Bature a Birmingham mai namijin irinta, na ce ni zan kai ta gidan miji.

"Ke? Ki soya mini ita a hanya?"

Ya jawo takalminsa. Dama abin da nake nema ke nan.

Hanya

Bas ta kai mu cikin gari, muka shiga coach, babbar motar tafiya mai nisa. Direba ya nuna kula: "No hot food, love," wai ba a shiga da abinci mai zafi. Na ce masa wannan food ɗin da ranta, kuma ko an soya ta ba za ta ishi kyanwa karin kumallo ba. Baban Ladi ya harare ni, ya cusa kular cikin kwat ɗinsa don sanyi, ya zauna da tulun ciki kamar mai wata tara. Go-slow ya riƙe mu a babban titin M6 wajen garin Stoke. Na cinye ƙosaina da nasa.

Birmingham

Tsohon ya kai mu wata rumfa a bayan gidansa, tankuna har rufi, zafi kamar garin Lafiya a watan Maris. Abincin biki kuwa shayi ne tsararo da biskit biyu. Tsohon ya buɗe kula a hankali, don irinsu tsalle gare su. Ya gyara tabarau, ya leƙa.

"Lovely lad you've got there."

Lad! Namiji! Na dubi Baban Ladi, na ce shi ke nan, ɗan abin da ya riƙe ma ya kuɓuce. Kafaɗunsa suka fara rawa, na zaci kuka ne. Ashe dariya ce, har da riƙe bango.

"Maman Ladi! Shekara guda ina jiran ƙato ya yi ƙwai!"

Rabon da in ji dariyar nan har na manta. Ni ce na ɓige da share hawaye da bakin ɗankwali. Shi da tsohon suka kama surutun gishiri da ɗumin ruwa, suka manta da ni zaune a kan bokiti. Da za mu tafi tsohon ya ba mu mace, amma da sharaɗi: Baban Ladi ya riƙa zuwa meeting ɗin masu kiwo duk wata, da ƙafarsa, ya kawo labari.

Gida

Mun iso Gorton da yamma, mu huɗu, lafiya lau. Godiya ga Allah, da tsohon nan, da direban da bai ƙwace kula ba.

Washegari na fito daga kicin na tarar da shi bakin ƙofa da kwat.

"Ina zuwa kuma?"

"Aski. Kin taɓa ganin uban ango da wannan gemun?"

Yana fita na ɗauko robar gishirina gaba ɗaya, na ajiye kusa da tanki.