Launin Albasar Aliero

Shekarar da aka yanko mu daga Sakkwato aka ce mu 'yan Kebbi ne, kowane allo a gari sai da aka sake rubuta shi. Kawuna mai rubutun alluna ne a Jega. Aiki ya sha masa kai, ya kira ni daga gonarmu ta Mungadi, lokacin ina da mata da 'ya ɗaya, gero kuma bai yi ba. Sharaɗinsa guda ne: manoman albasa na Aliero suna son hoton albasa a allon ƙungiyarsu. In sun zaɓi zanena, na samu wurin zama a rumfarsa. In sun ƙi, in koma wa fartanya.

Kwana uku na yi a kan albasa ɗaya tilo. Na miƙar da lawashinta kore shar, na ɗora mata farin fure a ka, ina ta jin kaina. Muka kai ta Aliero. Shugaban manoman, wani dattijo mai ido ɗaya, ko karɓa bai yi ba.

"Ɗana, wadda tay yi hure ta iri ta," ya ce. "Ba ta shiga buhu."

Kawu ya kama hannuna. Ya ja ni bayan rumbunan ajiya, inda ake zubar da ruɓaɓɓiyar albasa. Wari ne mai shiga har cikin haƙori. Ruwa baƙi yana tsatsafowa daga tulin, ƙudaje kamar an gayyace su suna. Nan ya zaunar da ni, ya miƙo min takardun buhun siminti da gawayi, ya ɓare goro.

"Kahin in ƙare goron ga, ka yi min ashirin. Kak ka goge ko guda."

Duk wadda na miƙa masa, sai ya dube ta a kaikaice, in ba ta yi masa ba ya tsartar mata da yawun goro, ya yar. Ban taɓa jin ƙyamar mutum irin ta ranar ba, kuma ƙanen mahaifiyata ne. Haka na yi ta zana. Wajen ta takwas na daina neman kyau, so nake kawai in bar wurin. Sai hannu ya saki. Na zana albasa tsagagge, albasa uku a kwando, albasa mai siririn wuya da lawashi a kwance, irin wadda na ga suna ɗura wa buhu. Abin da kwana uku ba su ba ni ba, wari ya tatso shi kafin la'asar.

Kawu ya tsame guda huɗu masu tsabta, ya kira dattijon. Dattijon ya duba, ya taɓe baki. Sai ya sunkuya, ya ɗauko wata daga ƙasa, mai lawashi a kwance, jan yawun Kawu shame-shame a tsakiyarta.

"Wagga muka so. Hal launin yay yi daidai, kak ku canza shi."

Na samu rumfa. Amma washegari sai da na kafa takardar nan a gabana, ina dama jan fenti da ruwan ɗorawa, ina gwadawa da tofin Kawu har suka zo ɗaya. Allon ya yi shekara da shekaru a bakin kasuwa, mutane suna yaba min launin.