Fenti a Tagar Yaya

Yayata ba ta taɓa kwana a wajen Djougou don son ranta ba. A gidan da kakanninmu fataken goro suka kafa aka haife mu. Ni na bi mota na yi ta yawo, Kwatano, Yamai, Kano, Akara, har Jidda na zauna, ita kuwa tana nan. Ta yi aure a unguwa, mijinta ya rasu, ta dawo ɗakin tsohuwarmu. Ko da yanar ido ta rufe mata gani ba ta damu sosai ba, don da tafin hannu ta san gidan, daga randa har bakin zaure.

Babban ɗanta yana harkar motocin haya a Parakou. Ya gina gida a unguwar Ladjifarani, ya ware mata ɗaki mai babbar taga ta gilashi da ke kallon titi, ya yi ta roƙo ta dawo wurinsa, ta ƙi. Aikin ido ne ya kawo ta. Kafin ta shiga mota sai da ta kafa sharaɗi a gabana: in ido ya buɗe za ta zauna, in bai buɗe ba a mayar da ita Djougou, inda ba ta bukatar ido.

Aka yi aiki lafiya. Likita ya ce ta guji rana da hayaƙi na ɗan lokaci, ita kuma ta ɗauki maganar kamar hukuncin alƙali, ko bakin ƙofar ɗaki ta daina leƙawa. Gidan kuwa bai gama fita daga hannun ma'aikata ba. Mai fenti ya yi aikin bangon waje da injin feshi, wanda a nan ake ce wa pistole. A Jidda na ga yadda ake yi, sai an rufe kowace taga da leda an manne kafin a kunna inji. A Kano yawanci buroshi na gani, a hankali, ana hira. Namu ya rufe tagogi da buhunan siminti, iskar hadari ta kwashe su, shi kuma ya ci gaba da feshinsa. Fenti ruwan madara ya sauka a kan gilashi kamar an barbaɗa gari, ya bushe. Ya kuma shiga layin da tagar ke bi, ya liƙe ta, ba ta buɗuwa.

Ina zaune a gidana a Tourou, nan gefen Parakou, matar ɗan nata ta kira ni a waya.

"Kawu, ka zo. Inna ta ƙi sakwara, ta ɗaure kayanta."

Yaya ta ƙi sakwara, wannan ba ƙaramin labari ba ne. Na hau zem, wato acaɓa, na zo. Na same ta a bakin gado, ƙullin kaya a gefe, ta juya wa taga baya.

"Yaya, ina za ki?"

"Gida. Sun yanka ni a banza, ɗan yawo. Abin ya dawo."

"Me ya dawo?"

"Yanar mana. Ka ga na kusa dama ina ɗan gani. Na nesa nake nema. Kullum da safe in na duba waje, hazo, da ɗigo-ɗigo a ciki. Ban faɗa wa yaron nan ba, kada ransa ya ɓaci."

Na dubi taga, na dubi Yaya, dariya ta ƙwace mini. Na ce mata fenti ne, ni ma hazon nake gani.

"Kai dama idonka ya mutu tun a hanyar Yamai. Kada ka lallashe ni. Ni na goya ka, na san muryarka in kana ƙarya."

Na ce to ta fito tsakar gida ta duba. Ta ce likita ya hana, kuma ba ta ga dalilin ƙona ragowar idon don a faranta mini ba.

Muna cikin haka na ji wata ƙara daga bayan gida, ƙuu, ƙuu, irin wadda duk ɗan Djougou ya sani. Danginmu mata sun zo wankin sabon gida, kamar yadda muka saba. Ba a ɗaukar 'yan aiki, 'yan'uwa ne ke cika mota su zo da tsintsiya da bokiti, a wanke, a ci abinci, a yi addu'a. Matan nan ba su san abin da ke gagarar yashi da toka ba. Da su suke goge tukunya har ka ga fuskarka a gindinta. Na zagaya na tarar ƙanwarmu ta wajen uba ta ɗaura zani a ƙugu, ta taka turmi, tana dirzar tagar kicin da soson ƙarfe da yashin da magina suka bari.

"Hajiya, tsaya! Gilashi ne, ba tukunya ba!"

"Alhaji, koma ɗaki. Yaushe ka taɓa wanke ko cokali?"

Fentin ya fita, gaskiya ne, amma da muka zuba ruwa sai ga gilashin ya yi zane-zane kamar kaza ta yi tono. Wannan ba ya gyaruwa. Sauran matan kuwa har sun ɗauki kwanon yashi sun nufi tagar Yaya. Da sun kai, da hazon ya zauna mata har abada, da kuma babu wanda ya isa ya hana ta hanyar Djougou. Na tsaya a gaban tagar na buɗe hannuwa kamar mai tare akuya.

Na roƙi ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi, na je shagon bakin titi na sayo sabuwar reza, wadda mai shagon, ɗan Nijar, yake kira lam. Shekarun da na yi a hanya ni nake aske kaina, kuma na daɗe ina kallon masu wanke gilasan kantuna a ƙasashen mutane. Aikin ɗaya ne da aski. Ba a sa reza a busasshen wuri. Na jiƙa gilashi da kumfa na bar shi ya sha, na kwantar da bakin reza, ban miƙe ta tsaye ba, na tura gaba, na ɗaga, na goge bakin a tsumma, na sake turawa. Ba a dawowa da ita baya, don ɗan ƙwayar yashi in ya maƙale shi ke yin zane. Fentin ya riƙa tashi yana naɗewa kamar ɓawon albasa.

"Ku zo ku ga Alhaji ya zama wanzami," in ji Hajiya. "In ka gama ka yi wa ƙofa ƙaho."

Ban share duka ba. Wuri kamar faɗin faifai na buɗe, daidai tsayin Yaya, na ɗauraye, na goge ya bushe. Na ƙwanƙwasa gilashi.

"Yaya, taso ki duba nan."

"Ba na tashi."

"To shi ke nan. Dama wata ce ke wucewa, na ce ko kin san ta."

Ta taso. Ina waje tana ciki, na matsa gefe. Ta kawo fuska, ta rufe ido ɗaya da hannu, ta daɗe. Matan duk suka tsaya, soso a hannu.

"Bafillatanar can," ta ce, muryarta na fitowa ta ƙofa, "wagashi ne a kanta, ja. Ɗankwalinta shuɗi." Sannan ta ƙara: "Waye ya yi shanya a kan katangar maƙwabta? Wankin bai fita ba."

Guɗa ta tashi. Matar ɗanta ta ruga ta tsayar da mai wagashi, cukun nan na Fulani. Ni kuma aka bar ni da ragowar taga, da ta falo, da ta bene, mata na riƙe mini bokiti suna ba ni umarni. Layin tagar da ɗan kananzir da tsinke muka kwance shi, da la'asar ta buɗe.

Da ɗanta ya dawo daga tasha ya tarar an kwance ƙullin kaya, uwarsa na cin sakwara da miyar wagashi a gaban taga. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Zan zauna," ta ce masa. "Amma ka gaya wa mai fentinka ina son ganinsa. Yanzu ina iya ganinsa."

Tana Ladjifarani har yau, kujerarta a jikin tagar, babu mai shiga layin ko fita ba ta sani ba. Tagar kicin kuwa an bar ta da zanenta. Duk zuwan Hajiya sai ta shafa ta, ta ce ai dai fentin ya fita.