Nauyin Akwatin Wutar Kwamfutata

Jama'a, ku ji abin da ya same ni yau a Ƙofar Ran.

Ina tsakiyar buga katin ɗaurin auren gobe, akwatin da ke ba kwamfutata wuta ya yi hayaƙi. Mai araha ne, da kaina na zaɓo shi. Sai da na jinjina shi a hannu, tunda an ce mai nauyi ne mai aminci.

Na ruga wajen Malam Sabo mai gyara. Ya kwance shi, ya leƙa ciki. Sai ya zaro dunƙulen siminti, har da wayoyi biyu na ado!

Na ce, "Malam, meye aikin wannan?"

Ya ce, "Ai ya gama aikinsa, Alhaji, tun ranar da ka jinjina ka saya."