Ruwan Mijina Bai Taɓa Yin Kore Ba

Ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba. 'Yata ce ke rubutawa. Na ce mata idan na yi kuka kada ta ajiye biron, ta jira ni kawai, zan dawo kan maganar.

Mijina, Malam, ya fi shekara talatin yana kula da kwamin ninƙaya a wani gida a Rayfield, mu kuma muna zaune a Daɗin Kowa. Shi kansa bai iya ruwa ba, ko sau ɗaya bai taɓa shiga ba. Amma idan ka jefa allura a kwamin nan, daga baki za ka hango ta a ƙasa.

A bayan kwamin akwai ɗan ɗaki mai inji da wani tanki mai ƙaton ciki kamar randa, cike da yashi. Inji ya jawo ruwa, ruwan ya bi ta cikin yashin, datti ya maƙale, ruwa ya koma fes. Ba yashin gini ba ne. A buhu ake sayo shi, ƙwayarsa duk kai ɗaya, ga kaifi. Bayan wasu shekaru ruwa kan goge kaifin, sai a kwashe a zuba sabo. Da bayan Malam ya fara ciwo, ni nake bin shi ranar canjin yashi. Sau biyu na je. Ina miƙa masa da kwano, yana yi mini bayani kamar wadda za ta gaje shi, ina dariya.

Yana shirin canji na gaba ciwo ya kwantar da shi. Bai tashi ba. Allah ya ji ƙan Malam. A keke yake zuwa aiki, har yau idan na ji ƙarar sarƙar keke a ƙofar gida sai in ɗauka shi ne ya dawo.

Ina cikin takaba matar maigadin gidan da yake aiki ta zo yi mini gaisuwa. Ta yi ta juya baki, har na ce, "Ke, faɗi abin da ya kawo ki."

Ta ce, "Mama, oga ya ɗauko wani injiniya. Ya canza yashi, amma ruwa ya ƙi. Ya yi kore, ga yashi kwance a ƙasan kwami. Shi ne yake cewa wai Baba ne ya lalata tanki, wai yashin gini yake zubawa, na buhun kuma ya karkatar."

"Oga ya ce me?"

"Bai ce komai ba."

Wannan shirun ya fi maganar ci mini rai. Mutumin da ko lemon da ya faɗo a gidan nan ba ya ɗauka sai ya tambaya, shi ake kira maci amana, yana kabari ba shi da bakin ramawa. Ga ni a takaba, ba fita. Ban karya ba. Na zauna har kwanakin suka cika. Washegari na yi wanka, na ɗauki mayafi. Ƙanen Malam ya ce in bar wa Allah. Na ce na bar masa, amma shi ya ba ni ƙafa.

Ana yayyafi na isa, da sanyin nan na damina mai shiga ƙashi. Da na ga ruwan sai hawaye ya zubo mini. Kamar kududdufin tsohon ramin kuza, gansakuka ta kama bango.

Injiniyan ya tare ni a ƙofar ɗakin inji. "Mama, sannu. Nan ba wurin mata ba ne, akwai lantarki."

Na ce, "Lantarkin ya san ni kafin ya san ka. Matsa."

Maigadi ya juya baya yana tari. Oga ya fito da kofin shayi a hannu. "Iya, ai da kin aiko. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri da godiya, Alhaji. Ba gaisuwa na zo ba. Na zo a buɗe tankin nan a gabanka."

Na fara zuwa bayan ɗakin injin, inda aka zubar da tsohon yashi. Na damƙo, na ɗebo sabon daga ragowar buhu, na zuba wa oga a tafin hannu biyu. "Murza. Girmansu ɗaya ko ba ɗaya ba? Wannan ya yi santsi ne don ya yi aiki. Ina tsakuwa, ina laka, in na gini ne?"

Ya murza. Na juya wajen injiniya. "Da za ka zuba yashi, ka sa ruwa a tanki?"

"Ruwa na me? Bayan an zuba ake buɗe ruwa."

Nan na gane. A gindin tankin akwai wasu ƙananan bututu na roba masu tsaga-tsaga, sun bazu kamar tafin hannu. Malam yatsu yake kiransu. Su ke barin ruwa ya wuce su riƙe yashi. Kullum sai ya cika tanki da ruwa zuwa rabi kafin ya zuba ko kwano ɗaya, don yashin ya sauka a hankali. Wanda ya juye buhu a busasshen tanki, nauyin kan yatsun yake faɗawa.

Na sa aka kashe inji. Maigadi da mai ban ruwan fulawa suka yi ta kwasa da kwano har azahar, ni ina kan kujerar roba ban motsa ba. Da aka kai ƙasa, sai ga yatsu biyu a karye. Na ce a ɗaga su oga ya gani. Jikinsu ya yi duhu saboda shekaru, amma bakin karayar fari tas, sabo.

Injiniya ya ce sai an yi odar wasu daga nesa. Na nuna masa wata tsohuwar jakar buhu a rataye bayan ƙofa. Malam ya ajiye sababbin yatsu huɗu a ciki, an naɗe da tsumma, tsumman ma na tsohon zanena ne. A nan kuka ya ƙwace mini sosai, a gabansu duka, ban kuma ɓoye fuska ba.

Da na share ido muka yi aikin yadda yake yi. Ruwa zuwa rabi. Leda a bakin bututun tsakiya, a ɗaure da roba kada yashi ya shiga. Kwano ɗaya bayan ɗaya. Aka juya hannun inji ruwa ya bi ta baya ya wanke sabon yashin, har ɗan gilashin da ke gefe ya nuna ruwa garau. A fuskar agogon da ke auna ƙarfin ruwa a tankin akwai ɗigon jan fenti da Malam ya sa. Ban san lamba ba, amma na ce wa injiniya duk ranar da allura ta kai ɗigon nan, yashi na neman wanki. Ya zuba magani, ya goge bango. Wannan kam ya iya, ba zan yi masa ƙarya ba.

Bayan kwana huɗu direba ya kawo mini buhun shinkafa, wai ruwa ya washe. Na ce ya mayar. Ya ce, "Haba Mama!" Na ce a gaban ma'aikata aka ɓata Malam, a gabansu za a wanke shi.

Ranar Juma'a oga ya aiko mota. Ya tara maigadi da kuku da direba da injiniya a bakin kwami, ya ce marigayi bai taɓa cin amanarsa ba, shi ne ya yi kuskure da ya yi shiru. Na ce ya ƙara ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi. Kunnena lafiyarsa ƙalau. Ya maimaita.

Na leƙa ruwan. Ana ganin layin tayil ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Shinkafar na karɓa, na raba sadaka da sunan Malam. Tsumman zanen kawai na riƙe wa kaina.