Sallau da Tambayar Safiya

A bakin Gwaggo Barira na fara jin sunan Sallau, shekarar da na gama sakandare na dawo Talata Mafara. Za ni kasuwa sayen ƙwaryar fura, ta riƙo gefen mayafina ta ce, "Ki saya ko'ina ban da wurin Sallau. In ya tare ki da tambaya, ki zama kurma."

Sallau mai zanen ƙwarya ne, da ƙarfe mai zafi yake ƙona ado a bayanta. Daga wani ƙauye na ƙasar Maradun ya taso, bayan ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gidajensu. Tambayarsa guda ce, kuma kowa yake yi wa: "Mi ka fara gani yau da sahe?" A shekarun nan kuwa masu awon gona sun cika ƙasar, mutum ya kwana da gonarsa ya tashi an kafa mata turaku. Duk mai yawan tambaya, ɗauka ake yi akwai inda yake kai amsa.

Abin ya tsananta ranar da Kawu Tukur, wanda aikin dam ya raba da fadamarsa ta Bakura, ya ga wata ƙwarya a rumfar Sallau, an ja mata layuka an yanka su gida-gida. Ina tsaye ya ɗaga ta sama.

"Jama'a ku duba! Wanga ba taswirar gonaki ba ce? Malam Sallau, wa ya aiko ka?"

"Sawun katafila ne, Malam Tukur," in ji Sallau. "Wata mai nono na tambaya, ta ce shi ta fara gani bakin hanya."

"To ina ruwanka da abin da mutane sunka gani?"

Sallau ya daɗe yana juya ƙarfensa a garwashi. Sannan ya ce a ƙauyensu ƙarƙashin wani marke yake aiki, yana zama zane ke zuwa da kansa. Tun da marken ya shiga ruwa, in ya ɗauki ƙwarya ba abin da hannunsa ke tunawa. Sai in wani ya jefo masa abin da bai zata ba, tsintsiya ko jelar akuya, daga nan hannun ya kama hanya.

"Ni kunama na gani," Kawu ya ce da gatse. "Zana ta mu gani."

Nan take Sallau ya ƙona ta a bayan wata ƙwarya, ƙari a sama, ya mayar da ƙafafunta ado har suka zagaye bakin ƙwaryar. Kawu ya juya ta ya sake juyawa, ya ajiye. "Gwani ne kam. Amma ai masu awon ma gwani za su nema."

Daga ranar ba mai amsa masa. Ya yi tambaya, a ce masa "lahiya lau" a wuce. Kowace Talata ƙore suna nan jibge a gabansa farare, masu nono sun koma wata rumfa.

Ni ma ban saki jiki ba. Na yi ta lissafin abin da mutanen dam za su yi da labarin tsintsiya, ban samo ba. Sai na fara amsa masa, amma da taka-tsantsan, ina zaɓen abin da ba zai cuci kowa ba: yau tauraro, wani mako fure. Ya zana, sai dai zanen ba rai. Har ya rasu Gwaggo ba ta yarda da shi ba, ko da yake ƙwaryar kunamar nan a ɗakinta take yanzu, kuma ta ƙi faɗin yadda ta same ta.

Wata Talata, tun yana da rai, na ce masa farin wata na gani. Ya ajiye ƙarfen ya dube ni.

"Da sahe? Ɗiyata, ke ɗai kinka rage mai amsa mani. Don Allah ki bar zaɓo mani mai kyau. Ko kashin kaji ne, in shi kinka fara gani, shi za ki gaya mani."