Yayar Mai Jan Ƙyalle

Shekara ashirin da shida Anti Almakashi ta yi tana ɗinki a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, dab da tashar mota. Keken ɗinki biyu da benci ɗaya shagon ke ɗauka. In kwastoma mai jiki ta shigo, sai wata ta fita. Ba don sana'a kaɗai aka laƙaba mata sunan ba. Bakinta ya fi almakashin nata kaifi, kuma ba ya bukatar wasawa.

Ita ta raini ƙaninta, Auta, bayan rasuwar mahaifiyarsu. Yana ɗan shekara tara ta gane Allah ya haɗa ta da aiki, ranar da allura ta faɗa ƙarƙashin kabad, ta ce ya duba mata, ya ɗaga kabad ɗin da hannu ɗaya da kayan ciki duka. Ana samun irinsu jefi-jefi a ƙasar, masu baiwa ake ce musu: wani ya ɗaga mota, wata wuta ba ta ƙona ta. Auta ya girma ya zama makanike, bai taɓa sayen jak na ɗaga mota ba. In mota ta danne mutum a kan titi, shi ake kira, ya ɗaga, ya koma bakin aikinsa.

Ana nan sai hukuma ta tuna da su. Aka yi doka cewa duk mai baiwa ya yi rajista, ya rubuta sunayen 'yan uwansa da inda kowa ke kwana da inda yake aiki, kuma kada ya kuskura ya ceci kowa sai da takardar izini mai hatimi. Waɗanda suka yi rajistar an ɗinka musu kaki mai kyau, aka tura su aikin jinƙai: ture rumfunan 'yan kasuwa, da kwashe motocin talakawa daga hanya in manya za su wuce.

Auta ya ce shi ba zai yi ba.

"Yaya, hannuna ba na rushe rumfar kowa ba ne."

"Madalla da jarumi," in ji ta, ba ta ko ɗaga ƙafa daga keke ba. "To, kai ba mata, ba ɗa. In suka zo neman iyalinka, ƙofar wa kake jin za su buga?"

Ya sunkuya ya tsinci wani guntun jan yadi, ragowar labulen da ta ɗinka wa wani asibiti, ya cusa a aljihu. Ta gani, ta yi kamar tana zura zare.

Bayan wata uku, da hantsi, wani bene da ake ginawa a ƙarshen layinsu ya rufta da leburori a ciki. Masu baiwa na hukuma sun iso da wuri, a yi musu adalci. Su huɗu suka jeru cikin kaki, suna jin nishin mutane a ƙarƙashin kankare, suna jiran takarda, domin daraktan da zai sa hannu yana taro kan yadda za a gaggauta ba da agaji. Ɗaya daga cikinsu har hawaye yake yi, amma sunan 'ya'yansa na cikin fayil, ya san abin da motsi zai jawo masa.

Sai ga wani da jan ƙyalle a fuska, da baƙin mai a gwiwar wando. Ya sa kafaɗa ya ɗaga rufin, mutane suka jawo mutum bakwai da rai. Kafin azahar gari ya ɗauka: Mai Jan Ƙyalle. Kafin la'asar rediyo ya sanar cewa ana nemansa ruwa a jallo, bisa laifin ceto ba bisa ƙa'ida ba.

Kashegari wani jami'i ya zo shagon, rungume da fayil kamar jariri. Ya zauna a benci ba a ce ya zauna ba.

"Baiwar Allah, ina ƙaninki?"

"Ranka ya daɗe, ni ma nemansa nake. Ya ɗauki sukuddirebata tun makon jiya."

"Kin san wannan yadin?" Ya nuna mata hoto.

"Ja ne."

"Na ga ja ne. Daga shagonki ya fito?"

"Yallaɓai, rabin tagogin garin nan ni na yi musu labule. In za a kama duk mai jan yadi, a fara da ɗakin haihuwa na asibiti."

Ya rubuta wani abu mai tsawo, ya fi abin da ta faɗa tsawo nesa ba kusa ba. Da zai tafi ya tambaye ta, cikin ladabi, ko mijinta na nan a ofishin ruwa, ko kuma 'yarta ta gama karatun jinya. Bai jira amsa ba, ya riga ya sani. Da ya fita ta so ta ci gaba da ɗinki, ta kasa zura zare a allura. Sau biyar tana gwadawa.

Cikin sati biyu aka gano abubuwa da yawa. Aka gano shagon da ya shekara ashirin da shida a wurin yana tare hanyar iska, aka garƙame shi. Aka gano mijinta, Akawu, wanda ko biro bai taɓa ɗaukowa daga ofis ba, yana bukatar hutu har sai an neme shi. Sunan 'yarsu kuma ya ɓace daga jerin masu jarrabawa, aka ce kuskuren na'ura ne. Maƙwabtan da ke tafa wa Mai Jan Ƙyalle a majalisa suka koma gaishe ta daga nesa, da hannu kawai, shi ma a ƙasa-ƙasa.

Wata safiya Auta ya shigo ta ƙofar baya, ya rame, ya tarar ta kafa keke a falo tsakanin kujeru. Akawu na zaune da jaridar da ya karanta sau uku. Auta ya durƙusa.

"Yaya, zan je in miƙa kaina. Ni na jawo muku."

"Ashe ka sani. Na ɗauka ƙarfin ya cinye wurin hankali."

"Ki yi haƙuri."

Ta zazzage masa duk abin da ke ranta: shago, aikin mijinta, yarinyar da ta kwana biyu ba ta fito daga ɗaki ba. Ta ce shi gari ke yi wa kirari, ita gari ke gudu. Yana durƙushe bai ɗago ba. Da ta gaji ta yi shiru, sai Akawu, wanda ba ya sa baki a maganar 'yan uwa, ya ninke jarida.

"In ya je, kaki za su sa masa," ya ce a hankali. "Wata rana a turo shi ya cire mana rufi."

Ta daɗe tana kallon ƙaninta. Sannan ta tashi ta haɗa masa kaya a jaka, riguna uku da ta ɗinka da hannunta, ta ce ya bar garin, kuma in ya ga mota ta danne mutum a hanya kada ya tsaya neman shawararta.

Shekara biyu suka yi a haka. Ɗinkin falo ne ya riƙe gidan. Kwastomomi suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, domin tsoron hukuma daban, riga mai zama a jiki daban. Jami'in kan zo duk wata, ya zauna, ya yi tambayoyinsa, ta ba shi amsoshin da ba su da kai. Har ya kawo mata wandonsa ta rage masa tsawo.

Ba kukan talakawa ne ya kashe dokar ba. Motar surukar wani babba ce ta faɗa rami, masu kaki suka tsaya jiran takarda awa uku, tsohuwa na ciki tana tsine wa zuri'ar wanda ya kawo dokar, wanda kuma mijin 'yarta ne. Cikin kwana goma majalisar dokoki ta gano dokar ba ta dace da halayenmu na tausayi ba.

Aka yi biki, aka kira Auta aka rataya masa lambar yabo. Daraktan da ke taro ranar da bene ya rufta shi ma ya samu tasa, saboda haƙuri da juriya. Anti Almakashi ba ta je ba, ta ce tana da ɗinkin da za a karɓa da yamma. An mayar da Akawu aiki, mataki ɗaya ƙasa da inda yake. 'Yarsu ta rubuta jarrabawa tare da ƙannen ƙawayenta, ta ci. Shagon kuwa bai dawo ba. Wani ɗan uwan jami'in ke sayar da waya a ciki, iska kuma na wucewa lafiya lau.

Har yau a falo take ɗinki, da tabarau yanzu. Auta ya yi aure, yana da 'ya'ya biyu, ya kuma koyi kallon hagu da dama kafin ya yi jarumta. Duk sati yakan zo gaishe ta. In baƙuwar kwastoma ta gane shi ta fara rawar jiki, Anti takan ce, "Eh, shi ne. Auta, matsa daga haske, ina aiki."